Fuskar da Aka Yi da Tsumma

Duk wanda ya zauna a garinmu a ƙarshen zamanin mulkin Sarki Taisho ya san Tokuji mai kantin magani, ya kuma san cewa ba magani ne a gabansa ba. Matarsa Fusa ce ke auna gari tana naɗewa a takarda, shi kuwa gogan yana bene, hannu dumu-dumu da mai, yana gogar hoto da tsumma. Amma kada ka kuskura ka ce masa mai hoto, yanzun nan za ku ɓata. Mai hoto shi ne na bakin tasha, wanda ke zaunar da ango da amarya ya ce kada su motsa. Su Tokuji masu fasaha ne. Ƙungiya gare su, duk wata su haɗu a saman gidan shayi, kowa ya jingina hotonsa da bango, a yi ta kaɗa kai ana cewa, "Kai, wannan kamar da buroshi aka zana shi." A wurinsu babu yabon da ya kai wannan. Hoton da ya fito tar har kana ganin gashin gira kuwa, raini ne kawai rabonsa.

Don haka Tokuji ya kwance zoben da ke bakin idon kyamararsa ya jefa a aljihun tebur, domin haske ya riƙa malala, komai ya fito dishi-dishi. In ya wanke hoton a takarda, sai ya shafe shi da mai, ya bi shi da baƙin fenti, sannan ya naɗe tsumma a yatsa ya shiga gogewa: nan ya buɗe sama, can ya danne tudu, abin da bai yi masa ba ya nutsar da shi cikin duhu. Sunansa har ya taɓa fitowa a wata mujallar birnin Osaka, kuma mun sha labarin har ya ishe mu.

A kusan kowane hoto nasa akwai wani ɗan mutum can nesa, da malafa a ka, a gindin itace ko a bakin kwalekwale. Wannan mahaifinsa ne, tsoho Yasokichi, wanda ya kafa kantin. Da ƙarfinsa bai taɓa yarda an ɗauke shi ba, yana cewa hoto rage kwana yake yi. Sai da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, hankalinsa ya fara gushewa, sannan ya daina musu. Inda duk ka tsayar da shi nan zai tsaya. Tokuji kan kife masa malafa ya ja shi bakin teku da sassafe, ya ce, "Baba, juya ka kalli ruwa. Yawwa. Kada ka waiwayo." In an gama a mayar da shi ɗakin baya, wurin Fusa.

Wata safiya a ƙarshen kaka, sanyi ya fara cizo, Fusa ta kai masa kunun shinkafa ta tarar da shimfiɗa babu kowa. Ƙofar lambu a buɗe, takalmansa na ciyawa ba sa nan.

Aka duba haikali, aka duba kasuwar kifi, aka bi bakin kogi da gora ana zungurar ciyayi. Babu shi, babu labarinsa. Washegari Fusa ta ɗaura ɗankwali ta nufi ƙauyukan masunta inda 'yan'uwanta suke, Tokuji kuma ya tafi wurin 'yan sanda.

Ɗan sandan da ya samu, Hamano, baƙo ne a garin, bai taɓa ganin tsohon ba. Ya tambayi suna da shekaru, sannan ya ce, "Yana da wata alama a jiki?"

Tokuji ya buɗe baki, sai kunya ta kama shi. Ya ce, "Yana ɗan jan ƙafa. Sauran hoto zai nuna, Yallaɓai."

"Kana da hotonsa? To ai an gama. Kawo, mu aika kowane ƙauye da kowace tasha."

Yana da hotonsa? Haba! Tokuji har ya yi murmushi, karo na farko tun da abin ya faru. Ya ja Hamano zuwa bene, ya zazzage masa akwatuna a kan tabarma. Hamano ya tsuguna yana ɗauka ɗaya-ɗaya, yana matso da su kusa da hanci, yana nisanta su.

"Ina mutumin yake a nan?"

"Ga shi nan, a gindin itacen."

"Au, na ɗauka kututture ne." Ya ɗauki wani. "Wannan fa? Gobara aka yi?"

"Hazon asuba ne, Yallaɓai."

"Tokuji, ni fuska nake nema. Hanci, ido, baki. Ba ka da ko ɗaya da ya juyo?"

Tokuji ya koma kan gilasan da ake ɗaukar hoton a kansu, yana ɗaga su saitin taga da sauri. Su ma haka suke, don tun daga kyamara ya ɓata su da kansa. Malafa, ƙeya, kafaɗa, inuwa. Shekara da shekaru yana ɗaukar mutum ɗaya, amma ko kunnensa bai kama ba.

A ƙasan akwati ya sami guda ɗaya da tsohon ya waiwayo bisa kuskure, iska ta ɗage malafar. Ya buga shi da girma, sai ga kai kamar dunƙulen shinkafa, fari fat, da tabo biyu a wurin idanu.

Hamano ya tafi yana cewa in an samu wani abu a kawo masa. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Nagasako, malamin makaranta, abokin Tokuji a ƙungiya, wanda ya zo jaje. Nagasako ya dubi dunƙulen shinkafar nan ya daɗe, sannan ya ce, "To ai ka samu wurin da fuska za ta zauna. Sauran aikin tsumma ne. Kai da ka fito da tsauni a inda babu tsauni, fuskar ubanka ce za ta gagare ka?"

"Wannan ba wasan ƙungiya ba ne, Nagasako."

"Na sani. Kana da wata dabarar?"

Ba shi da ita. Ya jawo tebur gaban taga, ya shafa mai, ya shimfiɗa fenti, ya naɗe tsumma a ɗan ali. Ya rufe ido yana kiran fuskar mahaifinsa, sai ta zo masa nan take, ba gardama: ga shi a bayan kanta yana duban ma'auni, kumatu cike, leɓe a tsuke, girar nan mai kauri da in ya ɗaga ta yara ke watsewa. Tokuji ya shiga gogewa. Ya buɗe goshi, ya sa tsinke ya fitar da ƙwayar ido, ya danna inuwa a ƙarƙashin haɓa. Bai ci ba, bai sha ba, yana tsere da hasken rana. Kafin la'asar ta yi sanyi sai ga Yasokichi yana kallonsa daga cikin takarda, kamar zai tambaye shi wa ya bar kanti ba kowa. Tokuji ya kifa kai a gefen tebur ya yi kuka sosai, don ya yi kewar mutumin nan ba kaɗan ba.

Nagasako ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Tabɗi! Ba ka taɓa yin aiki kamar wannan ba."

"Ya yi kama da shi?"

"Ni ina na sani? Tun da nake bayansa kawai nake gani. Amma dattijo ne na gaske, da ganinsa."

Tokuji ya lalubo zoben nan a aljihun tebur, duk ya yi ƙura, ya mayar da shi bakin kyamara, ya ɗauki hoton zanen tar da shi, ya buga da yawa. Hamano ya yaba ƙwarai. Ya manna ɗaya a allon ƙofar ofis, sauran suka bi jirgin ƙasa da masu kai saƙo, wasu gabas, wasu yamma, wasu ƙauyukan kan dutse.

Fusa ta dawo daga bakin teku ƙafa duk ta kumbura, ba ta samo komai ba. Ta biyo ta gaban ofishin 'yan sanda, ta tsaya ta karanta sunan da ke ƙarƙashin hoton, ta sake karantawa. Ta shigo gida ko takalmi ba ta jera ba, ta haye bene.

"Maigida, wane ne wancan a allon 'yan sanda?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Baba ne mana."

"Baban wa?"

"Fusa, na gaji, kada ki ƙara min."

"Wancan mutumin yana da haƙora! Yana da kumatu! Wancan shi ne ya zo neman maka aurena, na gane shi sarai, har tsoronsa na ji a bakin titi. Amma ba shi ya ɓata ba." Ta taɓa gefen bakinta. "Baban da ya ɓata, bakinsa ya koma nan, gefen hagu. Idonsa ɗaya ba ya rufuwa, kullum yana zubar da ruwa. Girar ma ta zube. Ni ke yi masa aski, ni ke goge masa yawu. Yaushe rabon da ka dube shi?"

"Kullum ina tare da shi a bakin teku."

"Kullum kana ce masa ya juya."

Gaskiya ta faɗa, Tokuji kuma ya sani. Tun ranar da ciwon ya karkata fuskar nan ya kasa jure kallonta. In ya shiga ɗakin baya, ƙafar tsohon yake gaisarwa. Malafar ma ba don kyau kaɗai yake kifa masa ita ba.

Ya ruga wurin Hamano ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun farko. Hamano ya cire hula ya sosa ƙeya, ya ce zai buga waya inda waya ta kai. Ƙauyukan kan dutse kuwa sai ran da mai kai saƙo ya sake hawa. "Amma ka sani," in ji shi, "mutanenmu in an ba su hoto, hoton suke bi. Kawo min na gaskiya in maye gurbin wancan."

Suka zauna gaban taga shi da Fusa, sabuwar takarda a tsakaninsu. Ita ke faɗa, shi ke gogewa.

"Ƙara jan bakin ƙasa. A'a, ba murmushi ba, Maigida, zubewa ya yi. Kumatun ka lotsa su. Kai, ka sake gyara shi! Me ya sa kake gyara shi?"

"Ba ni ba ne, hannun ne."

Ba ƙarya yake ba. Yatsan da ya shekara goma yana ɓoye muni bai iya komai ba sai wannan. Duk inda ya sa tsumma sai wurin ya yi laushi, ya yi kyau. In ya matsa wa kansa ya karkata bakin da ƙarfi, sai abin ya koma dodon wasan biki, Fusa ta kawar da kai. Ta karɓi tsumman da kanta, ta dangwala, ta mayar da rabin fuskar baƙi ƙirin. Ita tana ganin fuskar amma ba ta da hannu, shi yana da hannu amma babu abin da yake gani. Suka ɓata takarda bayan takarda har saman ta ƙarshen ya fara saɓulewa. A ƙarshe suka haƙura suka zauna, kowa hannu baƙi, suna jin iska tana kaɗa tagogi. Daga nan bene ana hango kan dutse, kuma ya riga ya fara fari.

Ana cikin haka wani mai gawayi da ke sauko da kaya daga tudu ya tsaya sayen maganin tari. Yana jiran a naɗe masa ya ce wa Fusa, "Ku da kuka san magani, me ake ba wanda bakinsa ya karkace? Akwai wani tsoho da na gani a rumfar shayin Okin, can gindin mashigin dutse. Shayi ma ta gefe yake zubo masa, abin tausayi."

Fusa ta saki takardar maganin ta haye bene kiran Tokuji.

Washegari ita da Tokuji suka hau jirgin ƙasa na safe, suka sauka a tashar ƙarshe, suka kama hanya da ƙafa. Tokuji na gaba yana haki, Fusa na biye da bargo da dunƙulen shinkafa a ƙunshi. Tun kafin su kai rabi dusar ƙanƙara ta fara sauka, siririya, ba ta ko kama ƙasa. Da suka isa rumfar ta rufe musu idon sawu.

Okin tsohuwa ce gajera, mai murya kamar ta namiji. Ta dube su sama da ƙasa, ta ce su shigo su rufe mata ƙofa. Tokuji ya leƙa ko'ina. Benci ɗaya, murhu, tukunya, kyanwa a kan buhu. Babu kowa.

"Inna, an ce akwai wani tsoho a nan."

"Akwai dai. Naku ne? To ku kuwa ina kuka shiga? Ku zauna, ku zauna, tsayuwa ba za ta dawo da shi ba."

Ta ce da yamma ya iso mata, takalmi ya tsinke, ƙafa jina-jina. Ta tambaye shi sunansa ya yi mata dariya. Ta ba shi miya mai zafi, ta shimfiɗa masa kusa da murhu, ya zauna abinsa kamar gidansu. Ba ya damun kowa. Da safe ya share mata gaban rumfa, ya jera mata kofuna daga babba zuwa ƙarami, in ta taɓa ya sake jerawa. Ita har ta fara sabawa da shi.

"Ba ki gaya wa 'yan sanda ba?" in ji Fusa.

"'Yar nan, ai ɗan sandan da ƙafarsa ya zo. Wani yaro mai hankali, daga ƙauyen ƙasa, ya hawo da hoto a jaka yana nuna wa mutane. Na ce masa ga wani tsoho nan da ban san mai shi ba, duba ko shi ne. Ya zaro hoton. Nan ya tsaya, inda kake tsayen nan. Ya dubi hoton, ya dubi tsohon, ni ma na duba. Wancan wani babban mutum ne, mai cikar fuska, irin masu kanti a birni. Nawa kuwa ɗan tsurut, ba haƙori. Na ce ba shi ba ne. Yaron ma ya ce ko kusa. Ya ce in ya koma zai tambaya ko wani ƙauye ya rasa tsoho."

Tokuji ya zauna a bencin.

"Yana nan wurin, Inna? Yana zaune a nan?"

"A nan dai, inda ka zauna. Har yaron ya miƙa masa hoton don wasa, ya ce, 'Kaka, ko ka ga wannan a hanya?' Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallo. Ya ce me ya same shi. Yaron ya ce ɓata ya yi, iyalinsa na can hankali a tashe. Sai na ga ran tsohon ya ɓaci. Ya ce, 'Ash! Mutum kamar wannan, a cikin sanyin nan?' Ya ƙi mayar da hoton. Yaron ya ce ya riƙe, yana da wani."

Ta tura itace cikin murhu, ta goge hanci da bayan hannu.

"Yinin ranar bai jera min kofuna ba. Yana zaune da hoton a cinya, ya dube shi, ya dubi hanya. In mai wucewa ya shigo sai ya nuna masa, ya ce ko ka ga wannan, ana nemansa. Na ce masa, 'Kaka, ina ruwanka, 'yan sanda na aikinsu.' Ya ce ai ba a barin mutum haka. Jiya da hantsi na zagaya baya ɗebo ruwa, na dawo ban gan shi ba. Ya ɗauki takalman marigayi mijina da ke rataye can. Masu yankan itace sun gan shi a sama da gada, yana hawa. Sun ce masa ya koma, ƙanƙara na zuwa. Ya zaro hoton daga ƙirji ya nuna musu, ya ce wani dattijo yake nema, yanzu zai dawo."

Fusa ta toshe baki da bargon da ta riƙo.

Tokuji ya miƙe ya buɗe ƙofa. Hanyar da ta hau mashigin ba a ganinta, itatuwan ma sai ka ƙura ido. Ya fita ba malafa, ya taka har inda ƙanƙara ta kai masa gwiwa, ya haɗa hannu a baki ya ƙwala kira, "Baba! Baba!"

Okin ta leƙo daga bakin ƙofa ta ɗaga murya. "Ɗana, ba ya amsa wannan! Na gwada, na gwada Kaka, na gwada komai. Mazan ƙauye sun ce sai ta tsagaita za su hau."

"Yaushe za ta tsagaita?"

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi sama, ta daɗe. Sannan ta ce masa ya shigo ya sha shayi.